Shekarar da Na Rame da Gangan

Ina da shekara arba'in da huɗu gwiwata ta fara yi mini gardama. A lokacin ina aiki a wani kamfanin alawa da biskit a Bompai, a sashen shiryawa, inda muke zama mu goma sha biyu a kan dogon benci, alawa na zubowa ta gabanmu, muna tsince wadda injin bai naɗe daidai ba, muna jera sauran a kwali. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan bencin nan. Tun ina budurwa ni mai ƙugu ce, haka matan gidanmu suke, amma haihuwa shida da zaman wuri ɗaya da ɓarɓashin biskit, wanda ba a hana mu ci ba muddin ba mu fita da shi ba, su suka ƙarasa aikin. Zani ba ya zagaye ni sai tela ya yi masa ƙari. Da zafi cinyoyina suna gugar juna har su saɓule, kullum da hoda a jakata. In na shiga adaidaita, wadda ta riga ni zama sai ta tattara mayafinta ta matsa can gefe.

Babu wanda ya taɓa kiran wannan matsala. A gidan biki cewa ake, "Kai, maigida ya iya kiwo." Ni ma dariya nake yi. Abin da ya dame ni shi ne na fara kasa tashi daga sujada sai na dafa bango, daga baya na koma sallah a kan kujera kamar kakata.

Akwai ɗan ɗakin shan magani a kusa da ƙofar kamfanin, da wata nas da muke ce wa Sista. Ta matsa gwiwar, ta sa na hau sikeli, ta ɗauko wani dogon littafi ta rubuta.

"Mama, gwiwar nan ba ta da laifi," in ji ta. "Kaya ne suka yi mata yawa. Ki rage jiki."

Ni hankalina yana kan littafin. A shekarun nan kamfanoni rufewa suke ɗaya bayan ɗaya, a Sharaɗa da Challawa da nan Bompai, saboda rashin wuta da tsadar man janareta. Mijina yana majema a Challawa, an riga an mayar da su aikin kwana uku a sati. Mu ma kullum ana raɗe-raɗin za a rage mutane, wai da tsofaffi da masu yawan zuwa asibiti za a fara.

"Sista, wannan littafin wa yake karantawa?"

"Ni."

"Ke kaɗai?"

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Ki rage tuwo, Mama. Shi ne naki."

Na fito ban yarda da ita ba. A bakin ƙofa akwai wata mata zaune tana jiran a ɗaure mata yatsa. Na san ta da gani. 'Yar Filato ce, Kirista, a sashen kwaɓi take, ita kaɗai ce mace a cikin masu ɗaga buhun fulawa. Kowa Madam yake ce mata. Ta girme ni da kaɗan, gashinta a aske ƙasa-ƙasa, damtsenta kamar na mai daka. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Bayan kwana biyu ta same ni a wajen famfo ina wanke hannu.

"Maman yara, na ji abin da Sista ya gaya miki," ta ce da irin Hausarsu. "In kina so, ki zo bayan sito lokacin hutu. Zan nuna miki abu."

"Wane abu?"

"Ki zo dai."

Na yini ina juya maganar. Farko na ce shayin rage ƙiba take sayarwa, don a lokacin ya cika gari, mata na shan sa suna yini a banɗaki. Sai kuma na ce ko wa'azin coci za ta yi mini. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ko manaja ne ya sa ta, ta gwada ƙarfinmu ta kai rahoto. Mace ba ta san ni ba, ban san ta ba, me ya dame ta da gwiwata? Sati guda ban je ba. Ranar da na je, na je ne don in ga ƙarshen abin.

Bayan siton suga akwai wani lungu tsakanin katanga da wani mataccen janareta, da bishiyar darbejiya guda. Babu mai zuwa wurin. Na tarar da ita ta cire rigar aiki, ta saɓa wani rodi a kafaɗa, kowane gefe an cusa shi a gwangwanin madara babba da aka cika da siminti. Tana tsugunnawa tana miƙewa, tana ƙirga da yarensu. Na tsaya na rufe baki da mayafi.

Ta ajiye, ta janyo wani akwatin lemo da ba komai a ciki ta kife shi.

"Zauna."

Na zauna.

"Tashi. A'a, ban da hannu. Ki rungume hannunki."

Na tashi da ƙyar. Ta ce in sake. Sau huɗu na yi, a na biyar cinyoyina suka ɗauki rawa, na koma na zauna daɓas.

"Huɗu," in ji ta. "Gobe biyar."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na jira ta fito da shayin ko littafin cocin. Ba ta fito da komai ba. Ta ce mini tana yarinya ta yi wa makarantarsu jifan dalma, har an kai su wasa wasu jihohi, wani malaminsu ne ya koya musu ɗaga ƙarfe. Tun da mijinta ya rasu ta koma yi, don in ba haka ba buhun fulawa zai karya mata baya. Na saurara, ina neman inda ƙaryar take.

Washegari na sa dogon wando a ƙarƙashin zani na koma. Cinyoyina ciwo suke kamar an yi mini duka. Na ce mata ta ƙara lalata ni. Ta ce ciwon nama daban, ciwon gaɓa daban, in nuna mata inda yake. Na nuna. Ta ce, "Wannan mai kyau ne." Ban taɓa jin an kira ciwo mai kyau ba, na ƙara sa mata ido.

Maganar abinci a sati na biyu ta zo. Ta tambaye ni abin da nake ci daga safe zuwa kwanciya, na faɗa, na ɓoye biskit ɗin. Ta ce, "Da biskit." Ba ta hana ni tuwo ba. Ta ce malmala ɗaya maimakon biyu da rabi, miya kuwa in cika kwano. Wake, ƙwai, kifi in ya samu, kwaɗon zogale da na rama, amma a rage ƙuli da mai. Lemon kwalba in bar wa yara. Koko da safe ba suga. Abin da ke zubowa a gabana a benci kuwa, in ɗauka kamar sabulu ne.

Wannan na ƙarshen ya fi komai wuya. Hannuna ya saba, shi yake kai alawa bakina ban sani ba. Sai na koma tauna goro ɗan mitsitsi don bakin ya samu abin yi.

Na ce mata ni ƙugu da cinya kawai nake so su ragu, sauran jikina ba ruwansa, ta ba ni motsin da zai cire na nan kaɗai. Ta yi dariya har tana dafa janareta.

"Ba ke za ki zaɓa ba, Maman yara. Jiki ne zai zaɓa. Ƙarfen zai sa cinyar ya yi ƙarfi. Kitsen kuma daga inda ya ga dama zai fara tafiya. Irinku, ƙugu ne na ƙarshe."

Haka kuwa aka yi. Bayan wata uku ina tashi daga akwatin sau ashirin riƙe da galan cike da yashi, na fara ɗaukar rodin ba gwangwani, ina taka bulo ina sauka. Ƙuguna yana nan yadda yake. Fuskata ce ta zube. Kumatuna suka faɗa, wuyana ya fito, ƙashin nan na ƙasan wuya da na manta ina da shi ya bayyana. Zoben hannuna ya fara juyawa.

A nan ne na yi kuskuren da ya jawo mini komai. Ina da ƙawa a benci, 'yar wani ƙauye ce a Jigawa, a Dakata take zaune. Shekara tara muna cin abinci kwano ɗaya lokacin hutu, yau ni na kawo, gobe ita. Da na fara ɓacewa ta tambaye ni inda nake zuwa. Kunya ta hana ni in ce ina bayan sito ina tsugunne-tsugunne da wando, ni da 'yata ta fari take da ciki. Sai na ce wajen Sista nake zuwa ana gasa mini gwiwa. Ina dawowa saura minti goma, in ci loma kaɗan in ce na ƙoshi.

Ba rana ɗaya abin ya fito ba. Farko ƙawar tawa ta zo da cokali, mu da muke ci da hannu. Ta ce farcenta ne ya yi ciwo. Bayan kwana kaɗan ta zo da kwano biyu, ta raba abincin tun daga gida. A wajen randar ruwa akwai kofin roba guda da kowa ke sha da shi, sai na lura in na sha, wadda ke bayana ta ɗauraye shi sau biyu, ko ta fasa shan. A benci wurin zamana ya yi faɗi. Na ɗauka jikina ne ya ragu, sai da na duba na ga su ne suka matsa. Wata rana shugabar sashenmu ta miƙo mini safar hannu ta roba, ni kaɗai.

"Ta mece ce?"

"Sabuwar doka ce."

"Su fa?"

"Nasu na zuwa."

Nasu bai zo ba. Mata da ban saba da su ba suka fara tsayar da ni a hanya, "Sannu, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." In ce lafiyata ƙalau, su ce, "To, madalla," da irin muryar da ake yi wa mai jinya.

A gida ma ba a bar ni ba. Yayar mijina ta zo wata Juma'a ba ta aiko ba. Ta zauna a tabarma tana kallona ina zuba abinci, ta ga malmalata ɗaya.

"Wannan na wa?"

"Nawa ne, Yaya."

"Girkin naki ne ba ki yarda da shi ba, ko cikin ne ba ya karɓa?"

Na ce gwiwa ce, an ce in rage jiki. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin mace mai hankali ta zubar da jikinta da kanta ba, mata na neman sa da magani. Ta tambaye ni ko ina zawo. Ta tambaye ni ko ina tari. Da za ta tafi ta ja ƙaninta soro, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Da ya dawo ban tambaye shi abin da ta ce ba.

Madam ce ta faɗa mini a fili. Ina cikin ɗaga rodi ta ce in ajiye.

"Kin san abin da suke faɗa?"

"Na ga dai ana guduna."

"Suna cewa kina da ƙanjamau."

Na zauna a kan akwatin. A shekarun nan babu kalmar da ta kai wannan nauyi. Kullum rediyo na maganarta, kuma duk wanda ya rame ba dalili, an gama yanke masa hukunci. Mun taɓa yi wa wani direban kamfanin haka, ni ma da bakina a ciki, har ya bar aiki, ban san ƙarshensa ba.

Abin da ya fara zuwa raina ba godiya ba ne. Na dube ta na ce, "Kin san haka za ta faru."

"Na san fuska ne zai fara."

"Kika yi shiru."

"Na gaya miki jiki ne zai zaɓa."

"Wa ya sa ki? Ki gaya mini gaskiya. So ake a kore ni ba tare da an ce an kore ni ba?"

Ta ɗauki rigar aikinta ta saka, ta ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta tafi.

Sati uku ban koma ba. Na dinga ci kamar mai ramuwar azumi, a gaban kowa, ina cusa biskit ina korawa da lemo don a gani. Ba wanda ya dawo kusa da ni. Wata ma na ji ta ce ai haka ciwon yake, yana sa ci. Abin da ya dawo kawai shi ne gwiwar.

Ranar wata Lahadi da hantsi ina wanki a tsakar gida, na laluba aljihun rigar mijina kafin in jiƙa, sai na ji takarda a ninke. Ta wani ɗakin gwajin jini ce, da sunansa. Na yi firamare, na iya haɗa baƙi, kuma akwai kalmomin da ko ba ka iya Turanci ba ka san su daga allunan kan titi. An gwada shi, ba a samu komai ba.

Yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyara rediyo. Yara sun tafi Islamiyya. Na ajiye takardar a kan gwiwarsa, hannuna da kumfa.

"Malam, wannan fa?"

Ya daɗe yana kallonta. "Yaya ce ta matsa mini."

"Ta matsa maka ka gwada kanka? Ni ce na rame, ba kai ba."

"In kina da shi, ai ina da shi."

"A ina zan samo shi?"

"An yi miki ƙarin jini a haihuwar auta. Kin manta?"

Ban manta ba. Amma ban manta kuma da shekara biyun da ya yi yana raka fata Legas ba, yana wata guda bai dawo ba. Na ce, "Jinin kawai ka tuna?"

Ya ɗago. "Me kike nufi?"

"Mutumin da ya san kansa, matarsa zai kai a gwada. Kai kanka ka fara kaiwa, a ɓoye."

"Ke ma ai ɓoyewa kike," ya ce, murya ta fara tashi. "Na je ƙofar kamfaninku. Na tambayi nas ɗin nan, ta ce rabonki da wajenta wata huɗu. To ina kike zuwa kullum da rana?"

Shekara ashirin da shida muna tare, ranar muka zauna muna kallon juna kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Ni na fara saukowa, don nawa ɓoyon mai sauƙin faɗa ne. Na shiga ɗaki na sa wandon, na ɗauko turmi na kife, na rungume jarkar ruwa, na zauna na tashi sau goma sha biyar a gabansa. Ya saki baki.

"Wannan ne?"

"Wannan ne. Da rage tuwo."

"Wa ya koya miki?"

Na faɗa masa. Ya ce, "To duk wannan wahalar, wa ake so a burge?"

Na ce masa gwiwata. Ban ga alamar ya gamsu ba, ni ma amsarsa ba ta gamsar da ni ba. Duk da haka ranar Talata muka hau babur ɗinsa muka tsallaka gari, can wajen Sharaɗa inda ba wanda ya san mu, aka ɗebi jinina. Kwana ukun da muka jira sun fi mini wata uku, don maganar ƙarin jinin ta shige ni, na fara tunanin ko ramar tawa ba ta tuwo ba ce. Sakamako ya fito, ba komai. A hanyar dawowa ya tsaya ya sayi tsire, muka ci a tsaye a gefen titi. Maganar Legas ban sake tayar da ita ba, shi ma bai taɓa kawo ta ba. Har yau ban san ko akwai abin sani a ciki ba.

Na koma bayan sito ranar Litinin. Madam tana nan da rodinta. Na tsaya ina murza gefen mayafi, na ce ta yi haƙuri.

"Kin ƙara," ta ce tana duban ƙuguna. "Ɗauki galan."

Da muka gama na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun farko, me ya sa ta kira ni.

"In zan ɗaga mai nauyi, ina son mutum a bayana, ko zai faɗo mini. Maza ba zan kira su nan ba. Matan kuma suna cewa ni mahaukaciya ne. Ke na ga kina da dalili."

Na so in ji wani abu da ya fi wannan. Na yi kwanaki ina jujjuya amsar, ban samu komai a ƙarƙashinta ba.

Takardar gwajin tana jakata sati guda. Na yi niyyar in manna ta a jikin randar ruwa, sai na ga in na yi haka na yarda ke nan suna da ikon tambayata. Ƙawata kaɗai na ja hannunta lokacin hutu. Ta so ta zame, na riƙe. Na kai ta lungun, ta ga gwangwanayen siminti, ta ga Madam, ta ga na ɗaura ɗamara na saɓa rodi. Sannan na ba ta takardar, Madam ta karanta mata.

Ta fashe da kuka. "Me ya sa kika ce mini asibiti kike zuwa? Kullum asibiti, kullum kina ƙarewa, ba kya cin abinci. Me kike so in ɗauka?"

"Ki tambaye ni."

"Ana tambayar wannan?"

Na ce mata wa ya fara faɗa. Ta rantse ba ita ba ce, a bakin mata ta ji. Amma ita kaɗai na gaya wa maganar asibiti. Na ce, "To," na bar ta a haka. Muka koma ci tare, sai dai kowa da kwanonsa, don nawa abincin ya riga ya canza, ta ce ita ba akuya ba ce da za ta yini a kan ganye. Labari ya zagaya sashen cikin kwana biyu. Safar hannun ta ɓace daga wurina. Wasu suka dawo da fara'a fiye da da, wasu kuma suka ce takarda ai sayen ta ake yi.

Ƙugun bai motsa ba sai wajen wata na takwas. Wata safiya na ɗaura zani na ga bakinsa ya wuce inda ya saba tsayawa. Na kai wa tela tsofaffin ya cire ƙarin. Cinyoyin ba su zama na budurwa ba, amma sun daina saɓulewa, in na taɓa sai in ji abu mai tauri a ƙarƙashi. Na ajiye kujerar sallah. Ƙuguna dai na gidanmu ne, ya ragu, bai tafi ba. Yayar mijina ta ci gaba da cewa an yi mini asiri, wai arniya ta shanye mini jiki, duk da na sha gaya mata matar tana zuwa coci fiye da yadda wasu ke zuwa masallaci.

Shekara ta zagayo aka manna sunaye a allon ƙofa. An rufe layin biskit gaba ɗaya, sashen kwaɓi ya tafi, da rabin bencinmu. Sunan Madam yana ciki, da na ƙawata. Nawa babu. Kafin la'asar maganar ta juya: waɗanda suka ce mutuwa nake, yanzu cewa suke tun bara aka tsegunta mini, shi ya sa na rage jiki don in tsira, wai ni da Sista bakinmu ɗaya. Ƙawata ta wuce ni a wajen famfo ta ce, "Ashe kin sani." Na ce wallahi ban sani ba. Ta ce, "To," irin wanda na ce mata ranar da ta rantse mini.

Madam ta ce gida za ta koma, wajen ɗanta, akwai gonar dankali. Ta ce ƙarfen nawa ne, ba za ta hau mota da siminti ba. Ranar ƙarshe muka ɗauko shi tare, ita gefe ni gefe, muka nufi ƙofa. Maigadin, wani dattijo mutumin Nijar da ya yi shekaru yana amsa gaisuwata, ya miƙe ya tare hanya.

"Ina za a kai kayan kamfani?"

"Baba, ba na kamfani ba ne," na ce. "Nata ne."

"Rodin nan daga ina?"

Madam ta ce a bola ta tsince shi bayan wajen gyaran inji, shekara shida da suka wuce.

"Bolar ta wa ce?" Ya ƙwanƙwasa gwangwanin da sandarsa, ya kara kunne. "A cikin nan me kuka zuba?"

"Siminti."

"Siminti kawai?"

Mutane suka fara taruwa, masu fita da takardar sallama a hannu. Ya ce sai an kawo takarda daga ofis, ofis kuwa ranar ba mai shiga. A ƙarshe ya aika aka kawo guduma, ya fasa gwangwani ɗaya a gabanmu. Siminti ne, da 'yan duwatsu. Ya tona da ƙafa, bai ga komai ba, amma ya ce rodin dai ba zai fita ba. Ya zare shi ya jingina a bayan ɗakinsa, ya ce ɗayan gwangwanin mu ɗauka in muna so.

Na ɗauke shi na ɗora a ka. Muka tako har bakin titi inda manyan motoci ke jere, ta tsayar da adaidaita.

"Ki nemi rodi a wajen 'yan gwangwan," ta ce tana shiga. "Kamu huɗu. Kar ki yarda da mai tsatsa. Kuma bayanki a miƙe, kina yawan mantawa."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ce amin, mai adaidaitan ya ja.